Asiransin rai: mutanen Gure, ku karanta rataye kafin ku sa hannu

Duk ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa cin bashin banki ya san asiransin rai, domin banki ba ya sakin kuɗi sai an haɗa da takardar da za ta biya shi idan mai bashin ya rasu. Wannan ta dole ce, kuma banki take karewa. Wadda muke magana a kanta yau ita ce wadda mutum ke saye da son ransa saboda iyalinsa, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira inshora. Wakilin kamfani yakan zo da takarda mai hawa biyu: uwar yarjejeniya, mai cewa idan ka mutu za a ba wanda ka ambata kuɗi kaza, sannan jerin rataye-rataye, kowane da ɗan akwatin da za a sa wa alama, kowane kuma da ƙarin kuɗinsa. Ra'ayinmu shi ne, ga malamin makaranta ko ɗan kasuwar Gure, biyu ko uku ne kawai cikin ratayen nan suka cancanci kuɗinsu. Sauran an ɗinka su ne a jikin waɗansu mutane daban.

Dokar da ke mulkin wannan ciniki ba a Yamai aka rubuta ta ba. Ta fito ne daga yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 14 ke bin sa, daga Senegal har Gabon. Saboda haka takardar da ake miƙo wa mai sayar da kanwa a ƙasar Muniyo ƙanwa ce ga wadda ake miƙa wa ma'aikacin banki a Abijan, alhali kuwa rayuwarsu da mutuwarsu ba iri ɗaya ba ne.

Mu fara da ratayen da wakilai suka fi yi wa kirari, wato na mutuwar hatsari, wanda ke ninka kuɗin sau biyu, wani lokaci sau uku, idan mutum ya rasu a hatsari. Wanda ya san hanyar Damagaram zuwa Difa, da yadda ake loda motocin kasuwar Gidigir, ba zai ce hatsari tatsuniya ba ne. Amma a yi tunani: marayun wanda ya mutu da hawan jini, ko abincinsu ya fi na marayun wanda mota ta kife da shi araha? Bukatar iyali ba ta duba abin da ya kashe maigida. Kamfani yana sayar da ratayen nan da arha ne don ya san ba kasafai yake biyan sa ba. In kana da rarar kuɗi, ƙara su a kan uwar yarjejeniya, wadda ke biya ko ta wace ƙofa ajali ya shigo.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kalmar «hatsari» a takardar kamfani ta fi ta bakin jama'a ƙunci nesa ba kusa ba. Galibin yarjejeniyoyi suna cire yaƙi da tarzoma da ta'addanci, waɗansu suna sa sharaɗi a kan tuƙi ba lasisi ko hawan babur. Tun watan Fabrairu 2015 da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, ɗan kasuwar da ke bin hanyar gabas ya san irin haɗarin da ya fi tsoro, kuma mai yiwuwa shi ne aka cire da ƙananan baƙaƙe a shafin ƙarshe. Sannan sai an kawo takardar binciken jandarma da ta likita. Mu kuwa muna rufe mamaci ran da ya cika, sau da yawa kafin la'asar, ba wanda ya tuna da takarda. Bayan wata uku, matar da ke cikin takaba ce za a ce ta nemo hujja.

Ratayen kuɗin jana'iza ba sai mun daɗe a kansa ba. An yi shi ne don garuruwan bakin teku, inda gawa ke makonni a ɗakin sanyi, a sayi akwati, a yi biki. Jana'izarmu likkafani ce da makara da maƙwabta. Wanda ya sa wa wannan akwati alama yana biyan kuɗin al'adar da ba tasa ba.

To, waɗanne ne masu amfani? Na farko shi ne na naƙasa ta dindindin, wanda ke biyan kuɗin tun mutum yana raye idan ciwo ko hatsari ya hana shi aiki har abada. Mu faɗi gaskiya, ko da ba ta da daɗi: ta fuskar tattalin gida, maigidan da shanyewar jiki ta kwantar ya fi wanda ya rasu nauyi, domin samu ya tsaya, ga kuma magani da zirga-zirga zuwa babban asibitin Damagaram, tafiyar sama da kilomita 150. Ma'aikacin gwamnati yana da asusun fansho na CARENI a bayansa, na kamfani yana da CNSS. Ɗan kasuwa fa? Jarinsa ne fanshonsa, kuma shi ciwon zai fara ci. Sai dai a tambaya da kyau: wane likita ne zai tabbatar da naƙasar, na Gure, ko na Damagaram, ko sai an ɗauki mara lafiya zuwa Yamai, sama da kilomita 1000? A kuma duba ma'anar kalmar, domin a yarjejeniyoyi da yawa ba a kiran mutum naƙasasshe sai ya kai ga ba ya iya ci ko wanka sai da taimakon wani.

Na biyu shi ne na yafe zubi, wato kamfani ya ɗauke maka biyan wata-wata idan ciwo ya kwantar da kai, yarjejeniya kuma ta ci gaba da aiki. Muhimmancinsa yana bayyana ne ga wanda ya karanta sashe na 73 na kundin CIMA: idan kwana 10 suka wuce ba ka biya ba, kamfani ya aiko da wasiƙa, bayan kwana 40 kuma a soke yarjejeniyar ko a rage ta, kuma galibi ratayen ne ke fara zubewa. Amma kada a ruɗe. Ciwo kawai yake rufewa, ba jinkirin albashi ba. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990, lokacin da ake bin Baitulmali bashin albashi na watanni, sun san abin da muke nufi. Ba ya rufe shekarar da damina ta ƙi, kasuwar dabbobi ta faɗi. Don haka kada mutum ya ɗauki zubin da ba zai iya biya ba sai a shekarar albarka. A ce ratayen da ba ka bukata suna ƙara maka jika 3 a wata. Cikin shekara 20 jika 720 ke nan, kuma su ne za su iya sa ka gaza biyan abin da kake bukata.

Ratayen karatun yara, wanda ke ba marayu wani abu duk wata uku ko duk shekara har su girma, shi ma muna ganin kyansa, domin dunƙulen kuɗi a gidan mutuwa yakan yi baƙi da yawa. Sai dai a tambaya ko adadin yana ƙaruwa da tsadar rayuwa. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, kuma alkawarin da aka rubuta da lamba bai motsa ba.

Amma layin da ya fi kowane rataye nauyi kyauta ne, shi ne na sunan mai karɓa. A dokar asiransi, kuɗin da aka ambaci mai karɓarsu ba sa shiga cikin gado, nasa ne shi kaɗai. Takardun da aka kwaikwayo daga Faransa sukan zo da jimla shiryayya, «mon conjoint», wato abokin aure guda. Mai mata biyu ko uku da ya sa hannu a nan bai karanta ba, ya shuka rigimar da za ta kai ga alƙali. Wanda ke son a raba bisa gadon Musulunci sai ya rubuta haka ƙarara, wanda ke son kason kowa daban ya rubuta suna da kaso, ya kuma sake dubawa duk lokacin da aka yi aure ko saki ko haihuwa. Ya kuma shaida wa iyalinsa inda takardar take.

Mun san da yawa cikin masu karatu suna da damuwa ta addini, kuma ba ta banza ba ce: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda, a 1985, cewa asiransin kasuwanci bai halatta ba, na taimakekeniya ya halatta. A 2019 CIMA ta fitar da dokar takaful. Hujjar rashin doka ta ƙare, saura kamfanoninmu su kawo shi cikin ƙasa, ba Yamai kaɗai ba.

Kundin CIMA ya ba mai saye makamai biyu da wakilai ba sa gaggawar ambata. Sashe na 8 ya ce sharaɗin da ke cire wani abu daga kariya ba ya aiki sai an rubuta shi da baƙaƙe bayyanannu ƙwarai. Sashe na 65 ya ba ka kwana 30 daga zubin farko ka janye, a mayar maka da kuɗinka. Amma mene ne amfanin manyan baƙaƙe ga wanda ba ya jin Faransanci? Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Muna kira ga ofishin kula da asiransi na Ma'aikatar Kuɗi ya tilasta wa kowane kamfani ya haɗa kowane rataye da shafi guda na Hausa, da boko da ajami, mai faɗin abin da yake biya, da abin da ba ya biya, da takardun da za a nema ranar biya, da garin da za a kai su. A Gure kuma a ƙara da na Barbarci.