Amurka: Wa Ke Da Izinin Ƙiyasta Darajar Gida?

A ƙasar Amurka, kafin banki ya ba mutum bashi bisa jinginar gida, yakan aika masani ya duba gidan, ya faɗi kuɗinsa na gaskiya. Aikin wannan masani ya bambanta da na dillali, domin dillali yana cin la'ada gwargwadon ciniki, shi kuwa mai ƙiyasi ƙa'idar aikinsa ta hana a ɗaura ladansa a kan kuɗin da ya faɗa.

Tsarin da ake bi yanzu daga hasara ya samo asali. Tsakanin 1986 da 1995 bankunan ajiya da bashin gidaje fiye da 1,000 suka karye, talakawa masu biyan haraji suka ɗauki nauyin kimanin dalar Amurka miliyar 124. Cikin dalilan akwai gidaje da filaye da aka yi wa kuɗi fiye da ƙima, aka ci bashi a kansu. Saboda haka a 1989 majalisar dokoki ta kafa doka: kowace jaha ita ke ba da takardar izini, amma bisa ƙa'idojin wata cibiya mai suna Appraisal Foundation, wadda aka kafa a 1987.

Matakan izinin huɗu ne. Na farko shi ne ɗan koyo, wanda ke aiki ƙarƙashin maigida, kuma rahotonsa ba ya tafiya sai da sa hannun maigidan. Na biyu shi ne mai izinin gidajen zama: bisa ƙa'idar 2018, sai ya yi awa 1,000 ta aiki cikin wata shida aƙalla, ya ci jarrabawa. Iyakarsa gini mai ɗaukar iyali ɗaya zuwa huɗu, wanda kuɗinsa bai kai dala miliyan 1 ba. Idan ginin mai wuyar ƙiyasi ne, iyakar ta fi haka ƙanƙanta. Na uku, mai awa 1,500 cikin wata 12, yana ƙiyasta irin waɗannan gidaje komai tsadarsu. Na huɗu, mai takardar jami'a da awa 3,000 cikin wata 18, shi ke da ikon ƙiyasta kowace irin dukiya: kantuna, masana'antu, otal da manyan gonaki.

Hikimar tsarin a fili take. Gidan zama ana gane kuɗinsa ta hanyar kwatanta shi da maƙwabtansa da aka sayar, amma babbar kasuwa sai an lissafa hayar da za ta kawo shekara da shekaru. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi, musamman da yake kuɗin masu ajiya ne banki ke bayarwa.

Sai dai ƙofar shiga ta yi ƙunci. Ɗan koyo dole ya sami maigida, ga shi galibi maigida ba ya riƙe fiye da uku, da yawa kuma ba sa son renon wanda zai zama abokin hamayyarsu gobe. Bankunan karkara sun daɗe suna kukan ƙarancin masu ƙiyasi. A 2019 mahukunta suka ɗaga iyakar da ke wajabta ƙiyasin mai izini daga dala 250,000 zuwa 400,000. A 2020 kuma cibiyar ta amince da koyon aikin ta kwamfuta ba tare da maigida ba.

Waɗannan hanyoyi biyu ba ɗaya ba ne. Ta biyu tana ƙara yawan masana, ta farko kuwa tana rage gidajen da doka ta ce sai masani ya duba, alhali ƙananan gidajen su ne na masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda kuskuren ƙiyasi ke iya raba su da duk abin da suka tara. Idan masu ƙiyasi sun yi kaɗan, abin da ya dace shi ne a horar da wasu, a bar dokar 1989 ta ci gaba da kare mai saye da mai ajiya.