Gidajen bakin rafi a Briqueterie: dokar 1974 ta tsufa, amma wa zai biya diyya?

Duk damina zancen ɗaya ne a Yawunde. Ruwa ya sauka awa biyu, Avenue Kennedy ta cika, sai hukuma ta waiwayo unguwannin da ke kwari, ciki har da Briqueterie, ta ce masu gini a bakin rafi ne suka toshe wa ruwa hanya.

Maganar ba ƙarya ba ce. Amma mu duba doka. Dokar 6 ga Yuli 1974 kan filayen gwamnati ta ce kogin da jirgi ke iya bi, da shi da mita 25 daga gaɓarsa, na jama'a ne. Ƙananan rafuka irin su Abiergue da Ekozoa kuwa, iyakarsu ita ce inda ruwa ke kaiwa idan sun cika maƙil. Fadama ma na cikin lissafin. To, ina ruwa ke kaiwa? Nan ne gizo ke saƙar. A 1974 tuddan Yawunde ciyayi ne da gonaki, ƙasa tana shan ruwa. Yau kwano ne da siminti, ruwan duka gangarowa yake. Gidan da kaka ya gina nesa da rafi, yanzu rafin ne ya zo ya same shi. Sannan dokar tsara birane ta 2004 ta haramta gini a duk inda ambaliya ko zaftarewar ƙasa ke barazana. Bayan abin da ya faru a Mbankolo ranar 8 ga Oktoba 2023, inda mutane kusan 30 suka rasu, ba mai hankalin da zai ce a bar komai yadda yake.

Tsoron masu gidaje shi ne diyya. Dokar 1985 kan karɓe fili don amfanin jama'a ta fi sanin mai titre foncier, kuma gidaje da dama a Brik takardar ciniki ce kawai gare su, ko shaidar gado. Ba a manta da rusau na Ntaba a 2008 ba, zamanin Tsimi Evouna: jan fenti a bango, sai katafila. Ɗan haya kuwa ko sunansa ba ya shiga lissafi.

Aikin PADY, da kuɗin Bankin Raya Afirka, ya nuna ana iya gina wa Mfoundi magudana ambaliya ta ragu. Abin da ya rage shi ne a shata iyaka rafi-rafi, a kafa alama kowa ya gani, a zauna da masu unguwa da limamai kafin a shafa fenti, a kuma ƙidaya shekarun zama cikin diyya. Tun 2011 a Ebolowa Shugaba Biya ya yi maganar gyaran dokar filaye, har yau jira ake.

Mu ma da namu: ledar da ake zubawa a kwata da dare ba Magajin Gari Luc Messi Atangana ne ke zuba ta ba. Mai gida a bakin rafi kuwa, gara ya tattara takardunsa tun yanzu, ya je ofishin filaye ya tambayi matsayin fulotinsa.