Makunnin da Muke Mantawa da Shi a Darasin Bayoloji

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin bayoloji ya san inzayim, wato furotin ɗin nan mai gaggauta narkar da abu. An ba shi misalin kwaɗo da mabuɗi, ya haddace, ya rubuta a jarrabawa. Amma ba a cika tambayarsa ba: wa ke umartar ƙwayar halitta ta ƙera inzayim, wa kuma ke ce mata ta dakata? A ra'ayina wannan giɓi ne babba, kuma labarin wata funfuna ya isa hujja.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da tufafinsu na auduga suna ruɓewa. Da aka bincika, sai aka tarar aikin wata funfuna ce, wadda daga baya aka raɗa wa suna Trichoderma reesei don girmama Elwyn Reese, masanin da ya nazarce ta tare da Mary Mandels. Auduga kusan zallar selulos ce, wato zaren nan mai tauri da ke cikin karan dawa da na masara, funfunar kuwa gwana ce wajen farfasa shi ya koma sukari.

Mai karatu zai zaci tana da tarin ƙwayoyin gado na wannan aiki. Ko kusa! Da aka wallafa taswirar gadonta a 2008, sai aka ga nata ba su kai na sauran funfunan da aka kwatanta ta da su yawa ba. Babban ɓangaren sirrin yana ga masu ba da umarni. Akwai furotin mai suna XYR1 da ke hawa kan zaren DNA ya kunna waɗannan ƙwayoyin gado. An nuna a 2006 cewa in an cire shi, funfunar kusan ta daina ƙera inzayim ɗin, alhali ƙwayoyin gadon na nan lafiya lau. Kishiyarsa shi ne CRE1, wanda ke toshe hanya da zarar akwai gulukos a kusa, domin ba dalilin wahala da kara ga wanda ya sami sukari a sauƙaƙe. Irin nan mai suna RUT-C30, wanda aka samar a Jami'ar Rutgers a 1979, ya yi fice wajen yawan inzayim, amma sai a 1996 aka gano cewa ƙwayar gadon CRE1 ɗinsa guntuwa ce.

Na san wasu malamai za su ce manhaja ta cika, kayan gwaji kuma babu. Gaskiya ne, sai dai wannan darasi ba ya bukatar na'ura. Ƙyallen auduga da aka binne a danshin ƙasa na 'yan makonni, da zanen makunni biyu a kan allo, sun wadatar.

Batun kuma ya shafe mu kai tsaye. Ragowar kara da ɓuntun shinkafa da muke cinna wa wuta cike suke da selulos, kuma tsadar inzayim na cikin manyan abubuwan da ke hana mayar da su sukari ko makamashin itanol. Ɗalibin da zai nemi rage wannan tsada a jami'a, da XYR1 da CRE1 zai yi aiki, don haka gara ya fara jin sunansu tun yana sakandare.