Digirin Digirgir da Ba Mai Iya Sake Dubawa

A 1995 Char Davies, mai zane 'yar Kanada, ta fitar da Osmose. Mai kallo yakan sanya tabarau na VR da riga mai auna numfashi: in ya ja numfashi sai ya yi sama, in ya sauke sai ya nutse cikin daji da ƙarƙashin ƙasa waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira. A 2005 ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Plymouth ta Ingila kan ayyukanta irin wannan. Ba na musun cewa wannan bincike ne. Ƙorafina yana kan abin da ke saura bayan an raba takardar shaida.

Abin da akasari ke shiga ɗakin karatu shi ne kundi, wani lokaci da guntun bidiyo. Alhali hujjar irin wannan aiki a jiki take, a huhu da tsayuwar mai kallo. Bidiyonsa hoton tuwo ne a gaban mayunwaci.

Na'urorin kuwa ba su da tsawon rai. Kamfanin Silicon Graphics, wanda Osmose ya dogara da kwamfutarsa, ya durƙushe a 2009. Google ya yi watsi da Daydream a 2019, aka daina sayar da Oculus Go a 2020.

Digirin digirgir alkawari ne cewa wani zai iya zuwa bayan shekara ashirin ya duba hujja, ya musanta ta in ya ga dama. Don haka kafin jami'a ta karɓi ɗalibin VR, ta ware kuɗin adana na'ura da manhaja, ta kuma wajabta wa masu jarrabawa sanya tabarau ɗin da kansu.