Labarin Zuciya Ba a Fuska Kaɗai Yake Ba

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan shari'a a Madawa, Buza ko Keita ya san irin mutanen da jandarmomi kan kawo gaban alƙali. Akwai ɓarawon da ya san abin da ya aikata, akwai matashin da tiramadol ya juya wa ƙwaƙwalwa, akwai kuma wanda garinsu duka ya san ya daɗe yana magana shi kaɗai a bakin kasuwa. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma alƙalin da zai ɗaure mutum shekaru bai kamata ya dogara da fuska kaɗai ba. A nan ne shari'a take buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayyar ɗan Adam, kuma a nan ne kotunan karkara suka fi rauni.

Doka ba ta jahilci wannan batu ba. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961, ya gaji ƙa'idar da ke cikin aya ta 64 ta kundin Faransa na 1810, wato babu laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe lokacin da ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi. Malaman Malikiyya sun faɗi haka ƙarnuka masu yawa kafin wannan kundi na Faransa, domin a fiƙihu hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum hukunci. Ke nan boko da addini sun haɗu a kan magana ɗaya. Abin da ya rage shi ne wanda zai auna hankalin. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuwa a Yamai suke, inda babbar asibitin ƙasa take da sashen masu taɓin hankali da aka fi sani da Pavillon E. Daga Madawa zuwa can tafiyar kusan kilomita 500 ce. Idan alƙali mai bincike ya nemi a gwada wanda ake tuhuma, sai an sami mota, da mai, da ɗan rakiya, da kuɗin likita, shi kuwa mara lafiyar yana gidan kaso yana jira, cutarsa tana ƙaruwa, fursunonin da ke ɗaki ɗaya da shi suna cikin haɗari.

Sai dai kuskure ne a ɗauka amfanin wannan ilimi ya tsaya ga mahaukata. Shari'ar Hadizatu Mani, wadda ta girgiza jihar Tawa, ta isa misali. A 1996 aka sayar da ita a kan jika 240, tana da shekara 12, aka mai da ita wahaya a gidan wani dattijo a yankin Ƙonni. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotun Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata 6 a 2007 bisa laifin aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Duk wannan ya faru ne bayan dokar 2003 da ta mai da bauta babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Tambayar da akan jefa wa mata irin Hadizatu a majalisu ita ce, in da gaske an zalunce su, me ya hana su kai ƙara tun da wuri? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da amsa ta. Yarinyar da aka raba da uwarta tun tana ƙarama, aka horar da ita da duka da tsoro, aka cusa mata cewa aljannarta tana ƙarƙashin biyayya ga ubangidanta, ba za ta tsaya gaban alƙali ta jero magana kamar ɗan kasuwa mai neman bashinsa ba. Za ta sunkuyar da kai, za ta rikita shekaru, wataƙila ma ta kare wanda ya cuce ta. Alƙalin da bai san wannan ba zai ɗauki shirunta a matsayin yarda, ya ɗauki rikicewarta a matsayin ƙarya. Sai a 2014 ne kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda riƙe wahaya, shekara 11 bayan kafa dokar. Wani ɓangare na wannan jinkiri yana da nasaba da rashin wanda ya iya sauraren masu ƙara da kunnen gwani.

Batun shaida ma haka yake. An saba cewa gani ya kori ji, amma bincike ya nuna ido ma yakan yaudari mai shi. Tun a 1900 Bafaranshe Alfred Binet ya nuna yadda sigar tambaya take sauya amsar yara. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta a Amurka suka nuna wa mutane hoton haɗarin mota mai motsi, suka sauya kalma ɗaya tak a cikin tambayar da suka yi musu, sai ga shi gudun motar da shaidun suka ƙiyasta ya sauya, wasu har suka ce sun ga fasasshen gilashin da babu shi. A can Amurkan, cikin mutanen da gwajin ƙwayar halitta ya wanke bayan an ɗaure su, kusan kashi 70 cikin 100 shaidun gani da ido ne suka nuna su bisa kuskure. To, a tuna da abin da ya auku a Bangi, cikin gundumar Madawa, a watan Nuwamba na 2016, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka 18. Wanda ya ga irin wannan tashin hankali cikin hayaƙi da kururuwa, yana gudun ceton ransa, shaidarsa tana da daraja, amma tilas a karɓe ta da wuri, a keɓe, ba tare da an sa masa suna a baki ba. Idan kuma tambayar da Faransanci take, amsar da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek, tafinta yana tsakani, ƙofar kuskure ta ƙara faɗi.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Gwani ba annabi ba ne. A shari'ar Outreau ta Faransa, tsakanin 2004 da 2005, masana halayya sun gaskata maganganun da daga baya suka rushe, aka wanke mutum 13 bayan wasunsu sun shafe shekaru a tsare. Ƴan kasuwar da aka fasa wa shago suna da hujja idan suka ji tsoron kada takardar likita ta zama hanyar da mai kuɗi zai fitar da ɗansa daga hannun hukuma. Maganin wannan shi ne rahoton gwani ya kasance a rubuce, a karanta shi a fili, mai ƙara da wanda ake ƙara su sami damar neman gwaji na biyu, hukunci kuwa ya tsaya a hannun alƙali. Wanda aka tabbatar ba shi da hankali, asibiti ya kamata ya tafi, kada a sake shi ya koma kasuwa gobe ya sake ɓarna, ko danginsa su sa shi a mari.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙasa ba. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana yaye ɗalibai a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kuma tana koyar da shari'a. Ya kamata ma'aikatar shari'a da ta kiwon lafiya su ɗauki ƙwararre aƙalla ɗaya da zai zauna a Tawa, yana zagaya kotuna da gidajen kason Madawa, Buza da Keita a ranakun da kowa ya sani. Ya kamata a horar da jandarmomi da ƴan sanda yadda ake yi wa yaro ko matar da aka ci zarafinta tambaya, domin yawancin ɓarnar a awoyin farko na tsarewa take faruwa, tun kafin takarda ta isa teburin alƙali. Dokar 2014 kan kotunan yara ta tanadi kulawa ta musamman ga ƙananan yara, amma tanadin ba zai yi amfani ba idan babu mai iya zama da yaron ya fahimci abin da ya kai shi ga laifi. Haka nan ma'aikatan jinya na asibitocin gundumomi za su iya koyon gane manyan cututtukan ƙwaƙwalwa ta tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 domin ƙasashe masu ƙarancin likitoci. Kuɗin gwajin talaka kuwa, hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 domin taimakon marasa hali a shari'a ita ta fi dacewa ta ɗauke shi.

Babban taron ƙasa kan shari'a na 2012 ya tattara shawarwari masu yawa, kuma jama'ar Adar da Gobir sun ji alkawura har sun gaji. Ɗan kasuwa yana son a kama ainihin ɓarawonsa, domin idan aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin yana nan yana yawo. Ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar tsare mutum yana son ya kwana da kwanciyar rai. Sarakuna da malamai, waɗanda su ne kan fara jin irin waɗannan ƙararraki, su ma suna da hakkin matsa wa hukuma lamba. Ranar da za a fara tsara kasafin kuɗin shari'a na gaba, a sa albashin wannan ƙwararre ɗaya da man motarsa a ciki. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci.