Farar ƙasa ko jar ƙasa?

Bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, mata sukan koma kan gyaran ɗaki. Daga Agiye zuwa Gazawa, daga Tibiri zuwa Gidan Rumji, gardamar ɗaya ce: me za a shafa wa bango, farar ƙasa ko jar ƙasa?

Masu son jar ƙasa suna da hujjarsu. Ba wuyar samu, kuma tana ɓoye dauɗa. In yaro ya dafa bango da hannun miya, ko hayaƙi ya taɓa shi, ba a gani sosai.

Amma farar ƙasa ta fi. Ga dalili. Tagar ɗakin ƙasa ƙarama ce, wani ɗakin ma ba shi da ita. Farin bango yana maido da haske cikin ɗaki, jan bango kuwa shanye shi yake yi. Fitila ɗaya ta ishi ɗan lakwal karatun dare a farin ɗaki. In aka kai ta jan ɗaki, sai ya matso da littafi kusa da hanci, idanunsa su gaji.

Dalili na biyu lafiya ce. Sauro yana son laɓewa inda duhu yake, kuma cizonsa ne ke kawo zazzaɓin da ke kwantar da yara da damina. A farin bango ana hangen sauro. Haka kunama da kuɗin cizo. Abin da ido ya gani, hannu ya kashe. Sai dai farar ƙasa ba ta hana sauro shiga ɗaki. Kwana cikin gidan sauro ya zama dole.

Gaskiya ne farar ƙasa tana saurin dauɗa, tana kuma gogewa a jikin riga. Maganin wannan shi ne a jiƙa ƙaro a zuba cikinta kafin a shafa, don ta kama bango. Daga ƙasa kuma, iyakar inda hannun yaro ke kaiwa, a zagaye da jar ƙasa. Sauran bangon a bar shi fari, a sabunta shi kowace shekara. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me karatun dare ya fi sauƙi a farin ɗaki?
2. Mene ne amfanin ƙaro cikin farar ƙasa?
3. Me ake shafa wa bango a garinku?