Lissafi Ba Ya Cika Rumbu

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku na sashen tattalin arziki, yau da ku nake. Na lura kun mai da lissafi alƙibla: duk maganar da ba ta zo da haruffan aljabara ba, a wurinku tatsuniya ce. To, ku saurara.

Ni ban ƙi lissafi ba. Mudu ma lissafi ne, ba a kuwa ciniki sai da shi. Amma mudu auna hatsi yake yi, ba ya noma shi. Abin da na ƙi shi ne masani ya zauna ofis, ya ƙaga wani "matsakaicin manomi" a takarda, wanda ba ya ciwo, ba ya cin bashi, ba ya aurar da 'ya, sa'an nan ya ce da shi za a tsara rayuwar mutanen Babban Duhu.

A 1967 Polly Hill, 'yar ƙanwar Keynes ɗin nan da kuke haddacewa, ta zauna Batagarawa, kusa da Katsina. Ta tarar manoma ba ɗaya suke ba. Talaka yakan sayar da hatsinsa da kaka da arha, ya ɓuge da ƙwadago a gonar wani da damina; mai hali kuwa ya kulle rumbu sai farashi ya hau. In ka haɗa su ka raba biyu, amsar ba ta kama da kowa.

Haka kuma ƙwararru sun daɗe suna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya jahilci ne. Sai David Norman na Samaru ya shiga ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1960 ya auna, ya tarar haɗin ya fi riba, ya kuma fi tsare gida ranar da ruwa ya yi gardama. Shi ma lissafi ya yi, amma daga gona ya faro. Nan bambancin yake.

Ku gaya mini, wane harafi ke wakiltar manomin Batsari ko Safana da 'yan bindigar Dajin Rugu suka raba da gonarsa a 2020? In kun ce "a ɗauka komai na nan daidai", wa ya faɗa muku daidai yake?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hutun nan, ku sa takalmi ku tafi ƙauye ku tambaya, sa'an nan ku dawo kan allo.